Yadda Mai Goyo Za Ta Rine Furfura da Ruwa Ludayi Biyu

'Yar'uwa mai goyo, gyara zama. Idan furfura ta riga yaye zuwa, har mutane sun fara yi miki barka da jika alhali ke kika sha naƙudar, to kin zo inda za a share miki hawaye. Sunana Kande, makitsiya ce ni a Gangara ta ƙasar Sabon Birni. Shekara talatin da ɗoriya ina juya kawunan mata a cinyata, daga Tsamaye har Kamarawa ta wajen Isa, kuma babu kan da ban san abin da ke cikinsa ba, kwarkwata ce ko asiri.

Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kanki zai yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, goyonki kuma ba zai fasa shan nono ba ko na yini guda. Ba a taɓa bin su an ji kunya ba. Gaskiya mace ɗaya ce ta taɓa bin su, Hajo matar Labbo, a shekarar farin nan da rijiyoyi suka ƙafe. Amma ɗaya cikin ɗaya ai duka ke nan.

Mataki na ɗaya: Ki samu dalili mai ƙarfi

Kada ki rine kai don miji. Miji bai san launin kanki ba. Labbo ya yi shekara ashirin da biyu da Hajo, in da za ki tare shi a hanya ki tambaye shi kitson da ke kanta, sai ya ce bari ya je gida ya duba. Balle ma a shekarar ba ya nan, ya kora sauran shanunsa huɗu ya yi kudu neman ciyawa.

Dalilin Hajo ya fi miji nauyi. Ta kusa arba'in, ta haifi bakwai, ta ɗauka ta sauke faralinta, sai ga Usmanu ya zo a shekarar da gero bai kai gwiwa ba ya ƙone. Yana wata uku nono ya fara ja da baya, don uwar da ke rayuwa kan tafasa da ɗan tsaki ba ta da abin da za ta tsiyaya wa wani. A Sabon Birni kuwa masu agaji na zuwa duk mako biyu da garin kunu na masu shayarwa kaɗai. Mai kati ta samu, marar kati ta koma da ƙwaryarta a kife.

Yunwa ta koya wa mutane aron jariri. Akwai wani yaro ɗan Tsamaye, mai kumatu, da ya bi layin nan sau bakwai rana ɗaya da uwa bakwai. Daga nan malamar rabo, wata 'yar birni mai farin tabarau, ta kafa doka uku: a faɗi suna kamar yadda yake a takardar mai gari, a cire ɗankwali ta ga shekaru, yaron da aka karɓar wa kuma a dangwala masa tawada a babban yatsa.

Layi ya zo kan Hajo. Malama ta ce, "Yaya sunan yaron?"

Hajo ta sunkuyar da kai. "Baba muka ce mai."

"Sunan yanka nake tambaya."

Sunan marigayi surukinta aka sa wa yaron, ina bakin da za ta ɗauko shi?

"To sunan mijinki?"

"Maigidanmu na."

"Cire ɗankwali." Hajo ta cire, kai fari fat kamar an zuba masa gari. Malama ta rufe littafi. "Iya, koma gida ki turo uwarsa. Duk wadda ta aro yaro da kunya take fakewa. Kada ma ki ce za ki ba shi nono in gani, kakanni ma suna ba jika nonon rarrashi."

Hajo ta ce, "Ni nih haihe shi," amma da muryar da ko yaron da ke bayanta bai ji ba, layi kuma ya riga ya ture ta.

Za ki ce ni ina nake, me ya hana in yi mata shaida? Ina nan. Sai dai ni na yi wa uwayen yaron Tsamaye shaida, su bakwai ɗin, kuma malamar tana da riƙon fuska. Za ki ce surukarta fa, Inna Saudatu? Ita ta fi Hajo shiga uku: Usmanu sunan mijinta ne, Labbo kuma ɗanta na fari. Gida guda, mata biyu, suna biyu, babu mai iya furta ko ɗaya.

Da yamma Hajo ta same ni a gida, ido jawur. Ta ce, "Adda Kande, baki ba shi iyawa. A gyara kai."

Mataki na biyu: Ki saya a wurin masani

Kada ki yi lalle. Lalle a kan furfura ja yake komawa, ki je neman gari a ɗauka gemun dillalin raƙuma ne ya hau kanki. Kada ki nemi shuni, marina ta bushe tun bara. Abin da ya rage shi ne dayis, baƙin rinin nan na 'yar takarda, wanda Ɗanmusa mai koli ke shigowa da shi daga Maraɗi a ƙarƙashin buhun albasa saboda iyaka na rufe.

Za ki tarar da rubutu a jikin takardar, da Faransanci. Kada ya dame ki. Ɗanmusa ya taɓa yin damina ɗaya a Madawa, don haka shi ne malamin Faransancin kasuwa. Ya karɓi zabuwar Hajo ta ƙarshe, ya ɗaga takarda sama ya yi gyaran murya.

"Nan sun ce a shahwa da yawa. Nan sun ce in yay yi zahi, shina aiki na. Nan kau gaisuwa ta, suna gaida mai saye."

Hajo ta nuna wani zanen hannu sanye da safa. "Wanga hwa?"

"Hannun mai kamfani na, shina ɗaga muku."

"To mai goyo hwa, mi sunka ce?"

Ɗanmusa ya daɗe yana duba, har ya juya takardar ƙasa ta koma sama. "Sun ce mai goyo ta hi kowa dacewa."

Riƙe wannan hikima a bakin zanenki: takardar da ba ki iya karantawa ba, ba ta isa ta hana ki komai ba.

Mataki na uku: Ki tara ruwa

Nan ne aikin yake. A shekarar, tulu ɗaya kowane gida ke samu a rijiya, shi ma sai an bi layi tun hantsi ana sauraren guga na kankare ƙasa. Inna Saudatu ce mai randa a gidansu, kuma ba ta buƙatar leƙawa. Daga bayan ɗaki, in ta ji ƙarar moɗa, ta san yatsa nawa ruwan ya sauka.

Don haka kada ki taɓa randa. Daga rabonki na sha za ki rage. Hajo ta yini biyu tana kurɓar rabi tana juye rabi a wata 'yar ƙwarya ƙarƙashin gado, har ta tara ludayi biyu. Mai shayarwa ta rage shan ruwa, don ta wanke kai, don ta samu gari, don nono ya zo. In kin ga maganar ba ta hau ba, ba ke kaɗai ba ce, amma a lokacin daidai muka gan ta.

Mataki na huɗu: Ki rufe ƙofa, ki toshe taga

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ana gobe rabo muka yi namu, wanda a wurina tanadi ne mai nisa. Ki jira sai surukarki ta fita. Inna Saudatu kan bi tsofaffi da hantsi su je tonon gidan tururuwa, ko Allah zai sa a samu ɗan hatsin da suka ɓoye. Tana ba da baya muka dama dayis a sakaina.

Warinsa kan kai gida uku, shi ya sa na ce a ja ƙyaure a cusa tsumma a taga. Kafin a jima ni hawaye, Hajo hawaye, Usmanu a kan gado ya yi atishawa uku a jere. Hajo, da yake hankalinta bai gama tafiya ba, ta ture ni, ta buɗe ƙofa, ta kai shi inuwar rumbu ta kwantar. Wannan ba ya cikin matakaina, ita ta ƙara abinta.

Ki shafa da hannu tsirara. Ni haka na yi, na kuwa yi wata guda ina gaya wa mata sabon ƙunshi ne aka fito da shi a Isa. Mata biyu ma sun nemi in yi musu.

Can Hajo ta fara mutsu-mutsu. "Adda, kaina na ci da wuta."

Na ce, "Shina aiki na. Ba ki ji mai Faransanci ba?"

Sai wanki. Ludayi na farko ya shige gashin ya ɓace kamar yayyafin farko a gonar tudu, ko ɗigo bai sauko ba. Na biyu rabinsa ya bi wuyanta. Abin da ya rage na goge da tsumma, na yarfa mata kitso guda shida, na miƙa mata ɓallin madubina.

Ba zan ɓoye miki ba, ta yi kyau. Ta daɗe tana kallon kanta, sannan ta yi dariya, irin wadda rabona da jinta tun kafin shanu su fara faɗuwa. Ta ce, "Adda, wagga ai Labbo bai santa ba." Ni ma a lokacin na ji daɗi ƙwarai, har na manta hannuna.

Mataki na biyar: Ki ba da nono kamar ba abin da ya faru

Abin da ban gaya wa Hajo ba, don ni ma ban tuna ba, shi ne ɗan wata huɗu ba ya shan nono hannu a sake. Sai ya kama wani abu. Kai na yi mata ƙaiƙayi, ta zame ɗankwali, ta ɗauko Usmanu. Ya tsaya yana kallon wannan baƙuwa mai baƙin kai, ya taɓe baki zai yi kuka, sai ya ji ƙamshin uwarsa ya haƙura. Ya kama nono da baki, ya kama jelar kitso da hannun dama. Da ya ga nonon ba ya zuwa yadda yake so, ya saki, ya cusa babban yatsa a baki, ya goga hannun a fuska.

Muna cikin hira ba mu lura ba sai da inuwar Inna Saudatu ta faɗo a kanmu. Hajo ta yi wuf ta ja ɗankwali. Tsohuwa ba ta ko dube ta ba, jikanta take kallo, wanda take kira Maigida. Yaro na kwance da gashin baki da ɗan gemu, baƙi wuluk, yana wasa da ƙafa.

"Mi yas samu bakin Maigida?"

A irin wannan wuri kada ki yi shiru, shiru amsa laifi ne. Na ce, "Gado na, Inna. An ce kakanai ma da gashin baki anka haihe shi."

"Ni nis san bakin kakanai, Kande, ba ke ba."

Ta dubi hannuna, ta shaƙi iska, ta miƙa hannu ta janye ɗankwalin Hajo. Sannan ta zauna a kan turmi ta yanke hukunci a natse.

"Abin da yash shiga kai, ina za shi in ba ƙirji ba? Ruwa gangare shika bi. Ga shi har ya hito bakin yaro. A gwada nonon. In ya ɓaci, a ɗebe yaro daga nono kwana bakwai a yi miki tsimi."

Kwana bakwai. Babu saniya a gidan, akuyar da ta rage ko ɗanta ta kasa riƙewa. Hajo ta san abin da kwana bakwai ke nufi ga ɗan wata huɗu a wannan shekara, ni ma na sani. Ta rungume yaron. Tsoro ya kama ni sosai, na ga garin gyaran gira za mu rasa ido.

Mataki na shida: Ki san cinnakanki

In ba ki san gwajin ba, ga shi. Ana tatsar nono a ludayi, a jefa cinnaka ciki. In ya yi iyo ya fita, nono lafiya lau. In ya mutu, nono ya ɓaci. Kin ga ke nan ba nononki ake gwadawa ba, ƙarfin cinnaka ake gwadawa, don haka kada ki yarda a sa miki kowane ƙwaro.

Na ce bari in je in samo. Na nufi bayan rumbun wani ɗan kasuwa da ya ɓoye hatsi yana jiran tsada, na zaɓo cinnaku uku masu ƙeya, irin waɗanda ba su san ana fari ba. Inna ta dube su a tafin hannuna ta ce, "Waɗanga baƙi na. Na gida za a sa." Na ce a raina, cinnaka ai ba ka san na gida ba. Ta duƙa gindin turmi ta tsinto wani siriri, yana tafiya yana hutawa.

Hajo ta juya baya ta fara tatsa. Ta tatsa dama, ta tatsa hagu, ta koma dama. Aka daɗe. Da ta miƙo ludayin, abin da ke ciki da ƙyar ya rufe gindinsa.

Inna ta jefa cinnaka. Muka haɗa kai mu uku. Bai mutu ba, bai kuma fita ba. Ya tsaya tsakiya, nonon ko wuyansa bai kai ba, ya duƙufa sha.

Inna ta ce, "Bai hita ba."

Na ce, "Inna, a wagga shekara wa ka shiga nono shi hita da gaugawa? Ke in anka jehwa ki, kina hita?"

Can ya ɗago, ya kama hanya ya hau gefen ludayi, ya bi mariƙi har ya kai rabi. Na buɗe baki zan yi guɗa. Sai ya tsaya, ya yi tunani, ya juya ya koma ciki.

Na fara shirya sabon bayani, amma da na ɗaga kai na ga tsohuwa ba cinnaka take kallo ba. Ta karkata ludayin tana duban ɗan abin da ya taru a gefe.

"Dut abin da ke akwai ke nan?"

Hajo ta ce, "Shi ke nan, Inna."

"Tun yaushe?"

"Ya kai wata."

"Kuma ba ki hwaɗi ba."

Inna ta sa yatsa ta fitar da cinnakan ta ajiye shi ƙasa a hankali. Ta tashi ta nufi randar nan da ko kaza ba ta isa ta raɓa ba, ta cika moɗa ta miƙa wa Hajo, ta tsaya a kanta har ta shanye. Ta sake cikawa. Sannan ta ɗauko sabulun salo, ta ce Hajo ta duƙa. Rabin ruwan yinin gidan ta ƙarar a kan nan, baƙin ruwa na gangara tsakar gida, ta wanke hannuwan Hajo da ƙirjinta, ta wanke bakin Maigida har gemu ya fita. Farcen babban yatsansa ne kawai ya ƙi, rini ya kama shi ya zauna.

Ni ba a ba ni ko ɗigo na wanke nawa ba. Inna ta ce da Hajo, "Gobe tare za mu."

Mataki na bakwai: Ki shiga layi da ƙarfin gwiwa

Ki fita da sassafe, ki ɗaura ɗankwali sako-sako don ya yi saurin cirewa. Mun isa Sabon Birni mun tarar da layi ya zagaye kuka. Rana ta take, zufa ta karyo, sauran rinin da ya tsere wa Inna ya fara sauko wa Hajo ta gaban kunne. Na ce kada ta goge, ya yi kama da saje. Kafin layi ya zo kanmu, ƙullin gari uku ya rage a kwali.

Hajo ba ta jira an ce ba, ta zame ɗankwali. Malama ta gyara tabarau, ta dubi kan, ta dubi fuskar, kamar tana son tuna wani abu. Ta ce a miƙo hannun yaro. Ta kama babban yatsa ta ɗaga.

"An riga an karɓar wa wannan. Ga tawada."

Na matso. "Malama, ni shaida ta, wanga ba tawada ba ta."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ba ke ce mai shaidar yaron Tsamaye ba?"

Na ga hadari ba zai haɗu da kansa ba sai an duba shi, na koma gefe ina kallon sama.

Hajo ta kwance bakin zane ta fito da takardar dayis, ta ajiye a tebur. Malama ta sansana takardar, ta sansana yatsan yaron, ta juya bayanta. Ashe akwai Turanci a can, mu duka ba mu juya ba. Ta karanta da ƙarfi tana fassarawa, layi na ji: a sa safar hannu, a gwada kaɗan a bayan kunne a jira kwana biyu, a yi a sarari inda iska ke kaɗawa, in ya yi zafi a wanke nan take, a wanke da ruwa mai yawa, a nisanta shi da yara. Ban ji inda suka gaida mai saye ba.

Malama ta ce, "Ba ta nono yake zuwa wa yaro ba, abin da ke shiga jiki kaɗan ne. Ta hannu da gashi yake zuwa, da warin da kuka shaƙa masa. Allah ya taimake ki kanki bai kumbura ba." Ta ajiye takardar. "Na yarda yatsan rini ne. Amma yanzu na tuna ki, ke ce mai farin kai ta wancan zuwan. Wadda ta sake kai don ta ruɗe ni, da me zan yarda da ita? Ga takardar mai gari a gabana. Suna nake so, na yaro da na ubansa."

Ta miƙa ƙulli ɗaya ga wata mai kati da ta kutso ta gefe. Saura biyu.

Mataki na takwas: Ki tafi da surukarki

Wannan matakin ban tsara shi ba, amma tunda ya yi aiki nawa ne.

Hajo ta buɗe baki. Na ga leɓenta na motsi, ta kai harafin farko, ta dubi surukarta da ke tsaye a gefenta, sai muryar ta maƙale. Hawaye ya haɗu da rini a kumatunta.

Inna Saudatu ta ajiye sandarta a jikin tebur. Shekara hamsin da ɗaya tun da aka kai ta ɗakin mijinta, ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta, ko ranar da ya rasu. Ɗanta na fari kuwa ko a ciwo "wancan" take ce masa. Rabin layin matan Gangara ne, duk sun san haka.

Ta ce, "Ɗiyata, ɗauki alƙalaminki."

Malama ta ɗauka.

"Sunanai Usmanu." Ta sake da ƙarfi. "Usmanu ɗan Labbo, Labbo ɗan Usmanu. Babban mijina na. Na tsakiya ni nih haihe shi. Ƙaramin wagga tah haihe shi, ni niy yanke cibi. Hurhura tata ta, ɗa nata na. In da sauran suna da kika so, tambaya, yau bakina buɗe shike."

Wata tsohuwa a baya ta rufe bakinta da mayafi. Malama ta bi takardar mai gari da yatsa, ta tsaya a wani layi, ta daɗe a wurin. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta rubuta kati, ta dangwala wa Usmanu tawada a yatsan hagu tunda na dama ya riga ya samu nasa, ta ɗauko ƙulli ta sa a ƙwaryar Hajo da hannu biyu. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Iya," ta gyara, "ki yi haƙuri, maman Usmanu."

Yaro ya fara kuka. Hajo ta zauna gindin kuka ta ja mayafi ta ba shi, hannunsa ya tashi neman jelar kitso, kakarsa ta kama hannun ta riƙe har ya gama.

Muka kama hanyar komawa. Mun wuce busasshen gulbi, mun kusa gonakin Gangara, sai na ji tsohuwa a bayanmu tana faɗa a hankali, ita kaɗai, "Usmanu." Ta yi taku kaɗan ta sake. Sannan ta ce, "Ashe sunan ga na da daɗin hwaɗi." Hajo ta yi dariya tana kuka, ni kuma ƙura ce ta shiga mini ido.

Mataki na tara: Ki jira mako uku

Furfura za ta dawo daga tushe, fari a ƙasa baƙi a sama. Kada ki zo wurina. Hajo ba ta zo ba, ta bar abinta, ta ci gaba da zuwa layi da katinta da farin kanta. Kunu ya shiga, nono ya dawo, Usmanu ya yi kumatu har aka zo aronsa daga Tsamaye, Inna ta raka mai aron da taɓarya.

Sanarwa

Ni Kande ban ce ki yi ba, labari na ba ki. In kanki ya kumbura, ki nemi Ɗanmusa, yana nan ya koma sayar da albasa zalla. In ɗanki ya yi gemu kafin haƙori, hannunki ne da gashinki. In cinnakanki ya mutu, tun farko ba lafiyayye ba ne. Mai son gaskiyar magana ta juya bayan takarda, ko ta tambayi malamar asibiti, ni kitso na koya. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Haka kuma mutanen unguwar su Hajo su daina aiko mini da ƙorafi. Na sani tun daga ranar Inna Saudatu ba ta rufe baki ba, daga asuba har magariba Usmanu ya ci, Usmanu ya sha, ina Usmanu, a miƙo mini Usmanu, har kaji sun haddace. Na shekara hamsin da ɗaya take ramawa, kuma ba ni na hana ta tun farko ba.